Ba baƙin ciki ne ya sa wa Goggo daji ba

Ranar da muka dawo da sakamakon gwajin Goggo, wanda ya nuna dajin mama ne, tsakar gidanmu a unguwar Jahun ta Bauchi ta cika da 'yan dubiya. Ina durƙushe ina zuba musu kunun tsamiya sai na ji wata maƙwabciya tana cewa ƙasa-ƙasa: "Ai tun rasuwar yaron nan ba ta sake zama daidai ba. Baƙin ciki ne ya dunƙule mata a ƙirji." Duk aka gyaɗa kai. Ni ma a raina na yarda.

Da dalilin yardata. Ɗanta ɗaya tilo ya rasu a hatsarin mota a hanyar Jos, kuma a idona matar nan ta lalace. Barci ya ƙaurace mata, zani ya daina zama a ƙugunta, cikin wata shida aka ɗora ta a kan maganin hawan jini. Don haka wanda duk zai ce mini abin da ke cikin rai ba ya taɓa jiki, ba zan saurare shi ba. Idan mutum ya daɗe cikin fargaba, jikinsa na ta sakin sinadaran tashin hankali, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, abinci ya fita daga rai, ko ciwo aka ji sai ya yi jinkirin warkewa.

Amma daji hanyarsa daban. Na tare likitan da ke duba ta a baranda, na ce, "Likita, don Allah tunani ne ya jawo mata?" Ya girgiza kai. Ya ce ƙwayoyin halittar jiki kullum suna rabuwa suna sabunta kansu, wani lokaci a samu kuskure wajen rabuwar, kurakuran su taru shekara da shekaru har wata ƙwaya ta ƙi tsayawa. Kullutun da hannu ya iya ji yau, sau da yawa ya daɗe yana girma a ɓoye. Daga baya na karanta cewa a Ingila an bi mata sama da dubu 100 na tsawon shekaru, aka fitar da sakamako a 2016, ba a ga cewa yawan damuwa na ƙara kamuwa da sankarar mama ba. Na tuna da olsa. Shekaru nawa duniya ta yi tana ɗora laifinta a kan tunani, sai a farkon shekarun 1980 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna wata ƙwayar cuta ce a ciki ke haddasa mafi yawanta. Marshall har shan ƙwayar ya yi don a yarda da shi, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, masu jawo dajin na gaske suna kusa da mu, ba ma ko ambatonsu a wurin dubiya. Taba, da shisha da yaranmu suka ɗauka ado. Ciwon hanta nau'in B, wanda ke kwana a jini shekaru ashirin ko talatin ba alama, ya ƙare da dajin hanta, alhali rigakafinsa na cikin alluran da ake yi wa jariri ranar haihuwa. Gyaɗa da masara da aka zuba a buhu ba su gama bushewa ba, funfunar da ke fito musu tana da guba mai cin hanta. Tsargiya, da yaran da ke wanka a tafki ke fitsarin jini muna cewa zai wuce, tana iya kai wa ga dajin mafitsara. Dajin bakin mahaifa kuwa kusan dukkansa daga wata ƙwayar cuta ne mai suna HPV, kuma a watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta a nan Bauchi. Na mama ya fi wuyar gane dalilinsa: akwai shekaru, akwai gado, akwai ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, kuma mata da yawa ba a gano musu wani dalili.

Inda zuciya ta cuci Goggo wani wuri ne daban. Wata takwas ta yi tana jin abin a ƙarƙashin hannunta ba ta faɗa wa kowa ba. Kunya, da tsoro, da maganar nan da muka gada cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura zai fantsama. Tana ta shafa wani baƙin gari da ake kwaɓawa da man shanu. Ni na gano, ranar da zazzaɓi ya kayar da ita na shiga taya ta wanka. Ta rungume zanin a ƙirji tana cewa, "Bari, 'yar nan, bari." Da na janye shi a hankali, fatar wurin ta yi kauri ta yi huji-huji kamar ɓawon lemo, kan maman ya shige ciki. Ban iya cewa komai ba. Na ci gaba da zuba mata ruwa, hannuna na rawa.

Yanzu tana karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, a asibitin koyarwa, an yi zagaye uku. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, ba abin da ke shiga sai koko da ɗan faten dankali. 'Yan dubiya har yanzu suna zuwa, Allah ya saka musu, amma kusan kowa sai ya ce, "Ki cire damuwa a ranki, ita ce ta jawo miki." Da kyakkyawar niyya suke faɗa, na sani. Sai dai wadda ke kwance tana jin abu guda ne: laifinta ne.

Daren Alhamis ina shafa mata man zaitun a ƙafa, an ɗauke wuta, sai ta kira ni a hankali.

"'Yar nan, kukan da na yi wa ɗana ne ya jawo mini wannan? Rashin haƙurina ne?"

Na ce, "A'a Goggo, wallahi ba shi ba ne. Na tambayi likita da bakina."

Ta yi shiru har na ɗauka ta yi barci. Can ta ce, "To, in ranar zuwa ta yi, ki tashe ni da wuri, kar mu rasa layi."