Ido da hannun mai kantin unguwa

Abu na farko da mahaifina ya koya mini a wannan sana'a shi ne yadda ake duba gwangwani. Ina ɗan shekara 12 a lokacin, an sauke mana kaya, na zaƙu in jera su a kan kanta, sai ya dakatar da ni, ya ɗauki guda ɗaya, ya ɗora babban yatsana a kan murfinsa ya ce in danna. Murfin ya lotsa ya dawo. Ya ce, "Ka ji ko? Abin da ke ciki ya fara lalacewa, shi ya sa iska ta taru. Wannan ba ya hawa kanta, ko da kwanan watan da aka buga a jikinsa bai cika ba." Ranar sai da muka bi katan huɗu ɗaya bayan ɗaya, muka ware guda bakwai, kuma asarar a kanmu ta tsaya domin mai kawo kayan ya ƙi karɓarsu.

Yau shekara 20 ke nan da na karɓi kantin daga hannunsa, kuma a tsawon wannan lokaci manyan kantuna masu rassa sun matso kusa da mu har abokan cinikina suna tambayata ko zan iya jurewa. Ban raina su ba, domin tsarinsu ya daɗe ana gina shi. A 1916 ne wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis na Amurka, inda mai saye ya fara shiga yana ɗaukar kaya da kansa maimakon ya tsaya a gaban kanta a miƙo masa. A 1937 aka fito da keken zuba kaya, a 1974 kuma na'ura ta fara karanta lambar zane-zane da ke jikin kaya a wurin biyan kuɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara sauri, ya kuma rage buƙatar mutumin da ya san kayan ya tsaya tsakanin mai saye da abin da zai kai gida. Suna saye kai tsaye daga masana'anta mota-mota, don haka farashinsu kan sauka ƙasa da namu, kuma wanda zai yi sayayyar wata guda a lokaci ɗaya yana da hujjar zuwa can.

Abin da nake da shi wanda ba su da shi shi ne babu wani abu a kantina da bai bi ta hannuna ba. Ƙwai nakan ɗaga shi saitin haske in duba girman iskar da ke kansa, domin yana tsufa iskar tana ƙaruwa, kuma idan na yi shakka sai in jefa guda a ruwa, sabo yakan kwanta a ƙasa, tsoho ya taso. Buhu ba ya taɓa ƙasa a sitona, kan katako yake zama, da tazara tsakaninsa da bango, saboda danshi ba ya sallama kafin ya shiga. Sabulu da duk wani abu mai ƙamshi suna can nesa da gari, domin gari yana ɗaukar wari, kuma matar da ta dafa abinci ta ji ɗanɗanon sabulu ba za ta zo ta yi ƙorafi ba, daina zuwa kawai za ta yi. Sabon kaya a baya yake zama, tsohon a gaba, kuma mahaifina ya sha sa ni in sauke kanta gaba ɗaya in sake jerawa idan ya tarar na yi ganganci. A lokacin ina ganin tsanani ne, amma yanzu da idona a rufe zan iya faɗin wane kaya ne ya fi kusa da cikar wa'adinsa.

Babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin wasu 'yan sari. Idan kaya ya yi ƙaranci, manyan kantuna suke fara kai wa, mu kuma sai a ce mu jira, bayan mun shekara da shekaru muna biyansu a kan lokaci. Idan kuma kaya ya kusa ƙarewa wa'adi, a nan ne ake tunawa da mai ƙaramin kanti, a sa sababbi a saman katan a ɓoye tsofaffin a ƙasa, da tunanin ba zai buɗe ba. Wannan ha'inci ne, kuma da na yi sakaci sau ɗaya, sunana ne zai ɓaci a unguwa, shi dillalin ba wanda ya san fuskarsa.

Akwai kuma abokin cinikin da zai zo yana nuna mini a wayarsa rangwamen da wani babban kanti ya yi, ya ce in yi masa daidai da haka. Nakan yi masa bayani cikin natsuwa cewa sukan karya farashin abu ɗaya ko biyu, wani lokaci har ƙasa da yadda suka saya, domin su jawo mutum ciki, kuma sukan ajiye kayan buƙatar yau da kullum a can ƙurya, yadda sai ya ratsa layi-layi na abubuwan da bai yi niyyar saye ba kafin ya isa. Ya lissafa kuɗin mota da lokacin da zai ɓata a layi, ya kuma duba abin da zai fito da shi a ƙarshe. Wasu sukan gane, wasu su tafi, kuma ba na riƙe kowa a zuciya.

A kantina mutum yana sayen daidai abin da yake buƙata a ranar, ko da kaɗan ne, a auna masa a sikeli yana kallo. Na san gidan da ke da jariri, na san gidan da likita ya hana maigida wasu abubuwa, kuma akwai wata dattijuwa da nake sayo wani irin kaya saboda ita kaɗai, domin ƙafarta ba ta kai ta nesa. Idan ta aiko jikanta nakan ce masa, "Ka gaishe da Baba, ka ce mata wanda ta saba saye bai zo da kyau ba wannan karon, ga wani na zaɓar mata, idan bai yi mata ba ta dawo da shi." Ba ta taɓa dawowa da shi ba.

A makon jiya wani ɗan sari ya sake kawo mini katan biyu masu tsofaffin kaya a ƙasa. Na mayar masa da su duka, na kuma gaya masa cewa daga yanzu ba zan sa hannu a takardarsa ba sai na buɗe kowane katan a gabansa har ƙasa. Ya ce zan ɓata masa lokaci, na ce na ajiye masa kujera a bakin sito. Ranar Talata zai dawo.