Ci da sha a Yamai bayan tiyatar rage ƙiba

Yawancin 'yan uwanmu da ake yi wa tiyatar rage ƙiba, a Alƙahira ko Istanbul ko Tunis ko Indiya ake yi musu, a sallame su da takardar tsarin abinci da aka rubuta don mutanen can. Wanda ya koma Kano ko Sakkwato ya san kasuwarsa, ya san likitansa. Wanda kuwa aiki ko fatauci ko aure ya kawo shi Yamai a daidai wannan lokaci, sabo biyu ne a gabansa, na gari da na ciki, kuma na cikin ba ya jira. Wannan bayani na irin wannan baƙo ne, mace ko namiji, daga mu da muka riga shi zama a nan.

Aikin da aka fi yi iri biyu ne. A na farko, wanda likitoci ke kira siliv, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba, mai ɗaukar mililita 100 zuwa 150. A na biyu, baifas, ana keɓe 'yar jaka a saman tumbi da ba ta wuce mililita 30 ba, wato babban cokali biyu, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Dole mutum ya san wanne aka yi masa, domin dokokin baifas sun fi tsanani.

Abin da ya fi kai sababbin zuwa asibiti a Yamai ba yunwa ba ce, ƙishirwa ce. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40, iska busasshiya, gumi na bushewa tun kafin a gan shi. Mai cikakken tumbi zai fasa ledar ruwa ya shanye a tsaye ya wuce. Wanda aka yi wa aiki ba shi da wannan dama: kurɓa uku a jere, sai ciwo a ƙahon zuciya ko amai. Ga shi ana so ya sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato leda uku zuwa huɗu ta rabin lita, a bazara ma har fiye. Sannan ba a haɗa ruwa da abinci. Ana dakatar da sha minti 30 kafin ci, ba a komawa sai minti 30 bayan an gama, saboda ruwan ko ya cika wurin da abinci zai zauna, ko ya kore shi zuwa hanji da wuri. Idan aka cire waɗannan lokuta da na barci, abin da ya rage bai fi awa goma ba. Lissafin ya nuna ana bukatar kusan mililita 50 kowane minti 15, tun daga asuba har kwanciya.

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne ɗan kofin gilashin nan na shayi da ke kowace fada, wato majalisar hira ta unguwa. A sayi sirinji a farmasi a auna shi sau ɗaya, a san inda mililita 50 ya tsaya, a sa alama. A sa ƙararrawar waya, domin bayan aikin jin ƙishirwa kan yi rauni, kuma wanda ya bari sai ya ji ta ya riga ya makara. Fitsari ne shaida: in ya yi duhu ko ya ragu, in kai na ciwo, in ana ganin jiri idan aka miƙe, ruwa ya yi ƙasa. A nan sai a dama ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari na farmasi, wanda a nan ake rubutawa SRO, cikin lita guda, a dinga kurɓa. Wanda ya yini ruwa ba ya zama a cikinsa, ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata, ba haƙuri ba. Wasu ruwan sanyi ƙarara yana ɗaure musu ciki, sun fi jin daɗin na randa ko mai ɗumi; wasu akasin haka. Lemon kwalba mai gas kuwa a manta da shi. Duk wata fita ta kasuwa ko ofis a yi ta da safe, da gora a hannu.

Matakan abinci kusan ɗaya suke a ko'ina, sai dai likitan da ya yi aikin shi ke da magana ta ƙarshe. Mako biyun farko ruwa-ruwa ne zalla: romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man sama, madara, da kunun gero tsinkakke da aka tace da rariyar laushi aka zuba masa madarar gari, ba sukari. Mako na uku da na huɗu abin da aka markaɗa ya yi sumul. Na biyar da na shida abin da cokali mai yatsu ke iya murƙushewa. Daga mako na bakwai ko takwas a fara gwada abincin gida, sabon abu ɗaya a rana, domin in ya ƙi zama a san mai laifi.

A nan Yamai ta yi wa baƙo gata, saboda kogi na bakin ƙofa. Giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa suna samuwa sabbi, kuma kifi ne naman da sabon tumbi ya fi karɓa. A dafa shi a ruwa da albasa da ɗan tumatir, a zare ƙaya da hannu a tsanake, a markaɗa da romonsa. Soyayye ya yi tauri da yawa a watannin farko. Ƙwai a dafa shi da laushi ko a juya shi a wuta kaɗan, domin wanda ya dahu ya ƙeƙashe yakan tsaya a ƙirji. Wake a surfa a cire bawo, a dafa har ya narke, ko a yi alala mai ɗan mai. Awara a karɓa kafin a soya ta, a dafa cikin miya. (Mai zuwa cefane ya tuna cewa da dala ake ƙirga kuɗi a nan. In mai kifi ta ce ɗari biyu, sefa 1,000 take nufi, wato jaka guda.)

Abin da ake nema a cikin waɗannan duka shi ne furotin, giram 60 zuwa 80 a yini, don jiki ya ƙona kitse ba tsoka ba. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6, dafaffen kifi giram 100 na da wajen 20, kofin madara na rubu'in lita na da 8, dafaffen wake giram 100 shi ma wajen 8. Ƙwai biyu, kifi giram 150, madara kofi biyu da ɗan wake sun kai 60, amma ga wanda cinsa ɗaya bai wuce cokali huɗu ba, wannan aikin yini ne cur, a zama biyar ko shida. Shi ya sa ake fara kowane ci da kifin ko ƙwan, ganye ya biyo, hatsi a ƙarshe in wuri ya rage. Garin furotin na gwangwani ba kullum ake samunsa ba, kuma da tsada. Madarar gari da aka cire wa kitse tana maye gurbinsa: a barbaɗa cokali ɗaya ko biyu a kunu ko romo. Cukun da ake kawowa daga wajen Tawa da Abalak shi ma madara ce busasshiya, sai dai a daka shi lukui a jiƙa, kada a gutsura a haɗiya. Yogot ɗin leda mafi yawansa da sukari. A nemi wanda aka rubuta "nature" a kuma karanta abin da ke ciki, ko a kafa kindirmo a gida da madarar da aka tafasa. Nonon da ba a tafasa ba, komai kyansa, a bar shi.

Loma kada ta wuce girman ƙwayar gyaɗa biyu, a tauna sau 20 zuwa 30, a ajiye cokali tsakanin loma da loma, a gama cikin minti 20 zuwa 30 ko da saura. Ƙoshi ba ya zuwa yadda aka saba. Shaƙuwa, atishawa, yoyon hanci ko nauyi a ƙasan ƙashin ƙirji, duk sanarwa ce cewa wuri ya cika, kuma lomar da ta biyo bayansu ita ce ke dawowa. Tuwo shi ya fi wahala, domin mun saba a yanko a tsoma a miyar kuka a haɗiye ba tauna. Shinkafa da taliya da dogon burodin nan na Faransawa da ake karyawa da shi a kowace unguwa suna kumbura su dunƙule a ciki, a jinkirta su zuwa wata uku ko fiye. Kilishi, wanda Nijar ta yi suna da shi, da tsire da soyayyar fara, furotin ne masu kyau, amma bushewarsu da yajinsu sun fi ƙarfin ɗinkin da bai warke ba. Ko bayan wata shida sai da tauna mai yawa. Dambu da kwaɗon zogale a fara da cokali ɗaya, ganyen ya dahu sosai. Abubuwa masu zare ko ɓawo irin su goruba, rake, kanya da mangwaro mai gashi suna iya taruwa su zama dunƙule su toshe mafita.

Sai fura. A Nijar fura abincin rana ce, ita ake tarbar baƙo da ita, kuma ƙinta yana da nauyi a baki. Matsalarta biyu. Ruwa-ruwa ce, tana wucewa ba tare da ta cika ciki ba, har mutum ya sha ludayi biyar bai ji komai ba. Da irinta ne ƙibar da aka biya miliyoyi don a rabu da ita take dawowa a shekara ta biyu. Sannan in da sukari, musamman ga mai baifas, zaƙin yakan faɗa hanji gaba ɗaya ya jawo ruwa daga jini, cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi, bugun zuciya, murɗar ciki da zawo. Akwai kuma na baya, bayan awa ɗaya zuwa uku, inda sukarin jini ke faɗuwa, jiki ya ɗauki rawa, ido ya yi duhu. Lemu hari (lemon citta) da zoɓo da shayin fada, wanda ake dafawa da sukari tun a buta, duk hukuncinsu ɗaya. Shayin ma yana da ƙarin illa, domin yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe. Hanyar da ta fi ita ce a faɗi gaskiya tun ranar farko. A karɓi ƙwaryar da hannu biyu, a ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, an yi mini aiki a ciki, likita ya hana ni zaƙi." A fada kuma, "Malam, a cire mini nawa kafin a sa sukari." Mutanen Yamai ba sa ja da maganar likita. Wanda ya ɓoye, shi zai yi ta sha don kunya yana kwana a banɗaki.

Takardun asibiti su ne abin da ake mantawa. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma takardar magani da ta gwajin jini da Faransanci ake rubuta su. Rahoton tiyatar da aka zo da shi da Ingilishi ko Turkanci a sa a fassara shi, a ɗauki hotonsa a waya, a kuma nemi likitan ciki tun ana lafiya, ko a Babban Asibitin Ƙasa, ko na Lamorde a Harobanda, tsallaken kogi, ko asibitin kuɗi. Kowane likita ko mai farmasi a gaya masa irin aikin kafin ya rubuta magani. Ibuprofen da diclofenac da asfirin suna haddasa gyambo a wurin ɗinki, ga shi su ne suka cika tiren masu tallar magani a kan titi. Farasitamol ne na ciwon kai da jiki. Taba da shisha ma gyambon suke kawowa. Mai ciwon sukari ko hawan jini a sake duba masa adadin maganinsa, domin bukatarsa na raguwa da sauri.

Zazzaɓi a nan, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, kowa cizon sauro zai ce. A makonnin farko bayan aiki wannan zato na iya kashe mutum. Zazzaɓi tare da bugun zuciya sama da 120 a minti, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, alamun yoyon ɗinki ne ko gudan jini a huhu, sai asibiti a daren. In gwaji ya tabbatar maleriya ce, ƙwayar artemether da lumefantrine tana bukatar ɗan maiƙo kafin jiki ya karɓe ta, sai a sha da madara. In ana amayar da ita a koma a nemi allura. Amai da ya ɗauki kwanaki kuma yana ƙarar da bitamin B1, abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, don haka a tuna wa likita ya ba da shi kafin a ɗaura ruwa mai sukari.

Bitamin na har abada ne: ƙwaya mai haɗe da sinadarai kullum, kalsiyam nau'in sitiret miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rarrabe, bitamin D, ƙarfe musamman ga mata masu al'ada, da B12, wanda galibi allura ce duk wata uku. A raba ƙarfe da kalsiyam da awa biyu, domin suna hana juna shiga. Bayan rufe iyakokin Nijar a 2023 kayan da ke shigowa ta teku sun koma zagaye mai nisa, wani magani yakan yanke a farmasi, saboda haka a ajiye na wata uku zuwa shida a ɗaki mafi sanyi, ba a mota ko kusa da taga ba. Gwajin jini ana yinsa a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara. A takarda za a ga NFS (ƙidayar ƙwayoyin jini), ferritine (ajiyar ƙarfe a jiki), B12, kalsiyam da bitamin D. Zubar gashi tsakanin wata na uku da na shida abu ne sananne, yana tsayawa in furotin da ƙarfe sun wadata. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, kuma mai baifas ta tambayi ungozoma hanyar tazara da ba ƙwayar haɗiya ba.

Azumin shekarar farko mafi yawan likitoci suna hana shi, kuma shari'a ta ba marar lafiya rangwame. Dalilin lissafi ne: tsakanin magariba da asuba ba a iya shigar da lita biyu da giram 60 na furotin a tumbin da ke karɓar kurɓa-kurɓa. Wanda likita ya yarje masa daga baya ya buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, ya yi salla, ya jira minti 30, ya ci kifi ko ƙwai, ya raba sauran cinsa gida uku har sahur, ya bar kunun zaƙi da soye-soye ga sauran mutanen gida.