Kai Maziyarta Tsibirin Gore: Yadda Aikin Yake

Kamfaninmu ƙarami ne, aikinsa shirya wa mutanenmu tafiya Senegal. Galibinsu masu zuwa ziyara ne Madina Baye a Kaulaha, sai mu ware musu yini guda na Gore kafin su koma gida.

Gore tsibiri ne da ke fuskantar Dakar, tsawonsa kamar mita 900, faɗinsa bai wuce 350 ba, kuma mota ba ta yawo a cikinsa. Jirgin fito na tashi daga tashar ruwan Dakar, tafiyar minti 20 ce. Ribar yinin da asararsa duk a kan wannan jirgi suke. Ana duba takardar shaida a ƙofa, don haka wanda ya bar fasfo a masauki ya tsayar da ayari duka. Kuɗin tikiti ma ba ɗaya ba ne: na ɗan ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na Turawa daban. Mukan tattara fasfo tun da dare, mu tanadi sefa a hannu, mu kama jirgin safe. Ba ma zuwa ranar Litinin, domin Gidan Bayi, wato gidan tarihin cinikin bayi da ke tsibirin, a rufe yake. Kwana a Kaulaha da nufin a yi sammako kuwa kuskure ne, tazarar ta kusa kilomita 190, ga cunkoson shiga Dakar.

Da an sauka sai a wuce Gidan Bayi kafin a cika. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 18, aka mai da shi gidan tarihi a 1962. A ƙasa akwai ɗakuna masu duhu da ƙunci, sannan wata siririyar hanya da ke ɓullewa ga ƙofar da ta buɗe kai tsaye kan teku. Wurin ba ya ɗaukar taro, shi ya sa muke raba mutane goma-goma.

Anan ake gane jagoran kirki. Masana tarihi sun yi saɓani a kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, da yawansu na ganin wasu tashoshin gaɓar Afirka sun fi Gore fitar da bayi nesa ba kusa ba. Muna hana jagororinmu zuba adadi don su sa mutane kuka. Abin da ya tabbata ya isa: 'yan Fotugal sun iso a 1444, 'yan Holan suka karɓe, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ta riƙe shi a wasu lokuta, Faransa ta soke bauta a 1848. Kafa Dakar a 1857 ne ya janye kasuwa daga tsibirin. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978.

Baƙinmu na Nijar sukan so a nuna musu tsohon ginin makarantar horar da malamai ta William Ponty, wadda ta zauna a nan daga 1913 zuwa 1937, inda Hamani Diori, shugaban Nijar na farko, ya yi karatu. Azahar kuma a tsohon masallacin dutse da ke gindin tudun Kastel. Hawan tudun na wahalar da dattawa, gara a bar su a inuwa da ruwan sha.

Da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, teku kan yi tashin hankali, mai saurin amai ya sha magani tun kafin shiga jirgi. Komowa kuma ba ma jiran jirgin ƙarshe. Ana ƙirga mutane a bakin gada kafin la'asar, domin masu sayar da tsaraba kan riƙe mutum da ciniki har jirgi ya tashi.