Yadda Bidiyon Yaro Ke Kuɓuce Wa Iyayensa

A watan Mayun 2007 wani magidanci a Ingila ya ɗora bidiyon 'ya'yansa biyu a YouTube, bidiyon da tsawonsa bai cika minti guda ba. Babban, Harry, ɗan shekara uku, ya sa yatsarsa a bakin ƙaninsa Charlie mai shekara ɗaya, ƙanin ya gantsara masa cizo, wan ya yi ƙara, jaririn kuma ya ƙyalƙyale da dariya. Uban bai ɗauki wannan bidiyo don duniya ba. Nufinsa ya aika wa wani aminin gidan da ke zaune a Amurka, sai ya tarar bidiyon ya yi wa imel nauyi, shi ya sa ya bi ta YouTube. Kafin ƙarshen 2009 babu bidiyon da aka fi kallo a dandalin kamar wannan, kuma zuwa 2021 an kalle shi fiye da sau miliyan 880.

Mutane da yawa suna ba da wannan labari a matsayin labarin sa'a. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar da bidiyon ya bi, domin kusan duk fuskar yaron da muke aika wa juna a waya don raha ta wannan hanya ta fito. Uwa ko uba ko yaya ne ya ga wani abin ban dariya a tsakar gida, ya ɗauka da kyakkyawar niyya, ya tura wa mutanen da yake ganin su ma yaron nasu ne. A cikin waɗanda aka tura wa, wani ya ga abin ya fi ƙarfin ya kalla shi kaɗai, ya miƙa wa abokansa, waɗanda ba su san yaron ba, ba su san gidansu ba, kuma babu wata alaƙa da za ta sa su ji nauyinsa. Daga wannan miƙawa ta biyu ne bidiyon yake daina zama abin tunawa na iyali.

Yawan kallo kaɗai bai isa ya mayar da yaro hoton barkwanci ba, sai an yanke shi daga labarinsa, kuma misalin da ya fi nuna haka shi ne na wata yarinya Ba'amurkiya mai suna Chloe. A watan Satumban 2013 mahaifiyarta ta ɗauki 'ya'yanta mata biyu a cikin mota yayin da take yi musu albishir cewa za a tafi wurin shaƙatawa na Disneyland maimakon makaranta. Yayar ta fashe da kukan murna, kuma ita ce ainihin wadda ake ɗauka. Da aka juya kyamara wajen Chloe, wadda shekarunta biyu a lokacin, sai ta yi wani kallo ta gefen ido, haƙoranta a waje, kamar wadda ba ta gane dalilin wannan hayaniya ba. Kallon bai wuce 'yan daƙiƙu ba, amma shi masu amfani da intanet suka ciro, suka jefar da motar da yayar da albishir ɗin, suka riƙa rubuta maganganunsu a ƙarƙashin fuskar. Tun daga nan fuskar ta zama amsar da ake bai wa duk wanda ya faɗi maganar da ba ta shiga hankali, har ta yi suna a Brazil ƙwarai, inda aka gayyaci yarinyar da iyayenta a 2017.

Dalilin da ya sa fuskar yaro ta fi ta babba karɓuwa a wannan harka ba ɓoyayye ba ne. Yaro bai iya ɓoye abin da ke ransa ba, don haka mamakinsa da fushinsa da tsoronsa suna fitowa ƙarara, ta yadda Bahaushe da Bature da Basine duk za su gane ba tare da fassara ba. Dandalin sada zumunta kuma an gina su ne a kan su ƙara tura wa jama'a duk abin da aka kalla har ƙarshe, aka maimaita, aka aika wa wani, kuma gajeren bidiyon yaro ya cika waɗannan sharuɗɗa duka. A wajenmu akwai ƙarin mataki guda, wato sitikar WhatsApp. Da zarar an mayar da fuskar yaro sitika, ta rabu da duk wani shafi da za a iya kai ƙara a goge shi, ta koma cikin wayoyin mutane ɗaiɗai, ana jefa ta a zauren 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai da na magoya bayan jam'iyya. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, kuma hoton da ya shiga wannan hali babu mai iya mayar da shi inda ya fito.

Najeriya ta ga nata misalin a watan Yulin 2020, lokacin da bidiyon wani ƙaramin yaro ya karaɗe ƙasar, yana kuka yana roƙon mahaifiyarsa ta kwantar da hankalinta kada ta hukunta shi. Maganarsa ta zama karin maganar shekarar, har gwamnan jihar Legas, Babajide Sanwo-Olu, ya ambace ta a saƙonsa na Babbar Sallah, daga baya kuma ya gana da yaron. Na yarda yaron yana da wayo da iya magana, kuma na san mutane sun so shi da gaske. Duk da haka abin da aka ɗauka a bidiyon yaro ne da ke cikin tsoro, kuma tsoron nasa ne miliyoyin manya suka yi wa dariya. Irin wannan ya fi damuna a kan bidiyon yaro yana rawa ko yana kwaikwayon malaminsu, saboda yana koya wa masu waya cewa kukan yaro abin ɗauka ne, har ka ga babba ya tsaya riƙe da waya a lokacin da ya kamata ya rarrashi ɗansa.

Idan aka tayar da wannan magana, hujjar da aka fi kawowa ita ce kuɗi, kuma ba za a ce babu gaskiya a cikinta ba. A watan Mayun 2021 iyalin Charlie sun sayar da shaidar mallakar bidiyonsu ta intanet, wadda ake kira NFT, a kan dala 760,999, suka ce za su yi wa yaran hidimar karatun jami'a da kuɗin. A shekarar ce kuma aka sayar da ta hoton Chloe a kan kusan dala dubu 74. Akwai ma wani yaro a Amurka da aka ɗauka a bakin teku a 2007 ya dunƙule hannu cike da yashi, hoton da ya zama alamar nasara a intanet, wanda a 2015 sunan da ya yi ya taimaka aka tara fiye da dala dubu 100 don yi wa mahaifinsa dashen ƙoda. Sai dai waɗannan iyalai suna ƙasashen da ake iya bin haƙƙin mallaka a kotu, kuma asalin bidiyon ko hoton daga hannunsu ya fito. Yaron da aka ɗauka a wani ƙauye ko wata unguwa a nan, aka yaɗa shi ta WhatsApp da TikTok, galibi ko sunan iyayensa ba a sani ba, masu manyan shafukan barkwanci ne ke tara mabiya da fuskarsa.

Ko inda aka samu kuɗin, akwai abin da kuɗi bai biya ba, wato amincewar yaron. Mahaifiyar Chloe da kanta ta bayyana daga baya cewa abin yana damunta idan ta tuna 'yarta ba ta kai shekarun da za a nemi yardarta ba. A Kanada kuwa, wani ɗalibin sakandare da abokan karatunsa suka ɗora bidiyonsa a intanet a 2003 ba da saninsa ba, sai da ya bar makarantar saboda tsangwama. A 2019 YouTube ya rufe damar yin sharhi a ƙarƙashin mafi yawan bidiyoyin ƙananan yara, bayan an gano yadda miyagun mutane ke taruwa a wajen. A al'ummarmu, inda laƙabi ke bin mutum har tsufa, kuma ake bincike mai zurfi kafin a ba da aure, ina ganin 'ya mace ce za ta fi ɗanɗana kuɗar wannan abu idan aka tono wani tsohon bidiyonta bayan shekara goma sha biyar.

Wasu ƙasashe sun fara kafa doka. Faransa ta yi dokar kare yaran da ake samun kuɗi da bidiyonsu a 2020, sannan a 2024 ta ɗora wa iyaye alhakin kare haƙƙin ɗansu a kan hotonsa, har alƙali yana iya hana ɗayan iyayen wallafa hoton idan suka sami saɓani. Jihar Illinois ta Amurka ta wajabta ware wa yaro kasonsa na kuɗin tun daga Yulin 2024. Najeriya tana da dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta bukaci yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, amma ba ta warware abin da za a yi ba idan iyayen ne da kansu suka saki bidiyon.

Manhajojin ma sun ɗan taɓuka. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2019, kuma a 2021 ya fito da tsarin aika hoto ko bidiyon da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace. Waɗannan suna rage gudun yaɗuwa, amma mai son adanawa zai ɗauki fuskar wayar da wata wayar. Saboda haka ni nauyin na fi ɗora shi a kan mutum na biyu, wato kawu ko gwaggo ko abokin aikin da aka tura wa bidiyon bisa amana. Idan bidiyon ɗan wani ya iso hannuna, nakan kalla in yi wa yaron addu'a, amma ba na turawa gaba sai na tambayi iyayensa, kuma idan na kuka ne ko na tsiraici ko na hukunci, ba na turawa ko sun amince.