Fuskar dodon Dan daga baya ake karanta ta

Duk wanda ya miƙo mini fuskar dodo ta mutanen Dan, kifa ta nake yi kafin in kalli idanunta. Gaba shi ne inda mai sayarwa ya zuba ƙwarewarsa, baya kuwa ƙarya ba ta cika zama a kansa ba. Mutanen Dan suna yammacin Kwaddibuwa, wajen Man da Danane, da yankin Nimba na Laberiya inda ake ce musu Giyo. Fuskokinsu na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a kasuwa, kuma dillalai Hausawa da suka daɗe a wannan harka a Abijan sun san haka sarai.

Fuskar da aka yi shekaru ana rawa da ita, gumi da maiƙon jiki sukan shiga katakon a inda ya taɓa fata kawai: goshi, kumatu, wani lokaci haɓa. Nan za ka ga ya yi duhu da santsi, amma cikin kwarmi sawun gizago da wuƙa na nan da kaifinsu. In na ga baya ya yi sheƙi bai ɗaya har cikin lungu, na san hannu ne ya goga. Daga nan sai hujojin gefe, inda ake ɗaura hula da rigar. Na tsohuwar fuska ba sa zuwa girma ɗaya, kuma igiya takan ci bakinsu ta ɓangaren da take ja. Wani lokaci har layi biyu za ka tarar, domin na farko ya ɓalle an sake hudawa. Hujojin da suka fito daidai wa daida, masu kaifin baki, aikin injin huda ne. Nakan kuma kara ta kusa da fuskata. Yawancinsu tsawonsu bai wuce santimita 20 zuwa 26 ba, kuma in ba a iya gani ta idanun, da wuya a ce wani ya taɓa gudu ko rawa da ita.

Dabarun tsufar da sabon sassaƙa sanannu ne: a rataye shi a hayaƙi, a shafa masa tauna goro ko man takalmi, a binne shi kusa da suri. Hanci yakan kama na hayaƙi da na man takalmi. In mai kaya ya yarda, nakan ɗiga asitom, sinadarin da ake goge jan farce da shi, kaɗan a auduga in taɓa wani ɓoyayyen gefe. Man takalmi nan take yake bin audugar. Cin gara ma abin lura ne. Garar da ta ci gefen baya kaɗai ta bar hanci da leɓe lafiya lau, akwai wanda ya nuna mata hanya.

Sunayen da ake liƙa musu ina ɗaukarsu da hattara. Deangle ita ce mai santsin fuska da tsukakkun idanu, sau da yawa da zanen farar ƙasa a kansu, wadda ke nemo wa yaran da ke sansanin kaciya abinci. Gunye ge mai zagayayyun idanu ta tsere ce, zakpei ge ta hana tashin gobara, gegon kuma mai dogon baki irin na tsuntsu. Sai dai a wurin Dan fuska takan sauya aiki, ta samu ƙarin girma bayan shekaru, kuma hula da riga da rawar ne ke bayyana ko wace ce. Abin da ya iso hannunmu katakon ne kaɗai, saboda haka abin da zan iya cewa da gaskiya shi ne, alal misali, siffar wannan fuska ta yi kama da deangle.

Takarda ko lambar da ke liƙe a baya ba na cire ta ko ta yi datti, domin ita ce tarihin hannayen da fuskar ta bi. Manyan gidajen gwanjo da na adana kayan tarihi suna son shaidar cewa kaya ya bar ƙasarsa kafin 1970, shekarar yarjejeniyar hukumar UNESCO ta hana safarar kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba. Wadda ba a san yadda ta bar garinta ba, ba na saye, don akwai waɗanda sace su aka yi daga masu su. Gegon mai gemun gashin biri kuwa tana iya faɗawa ƙarƙashin dokar CITES, wadda ke taƙaita cinikin namun daji da sassan jikinsu tsakanin ƙasashe, a kan iyaka.

Ajiya ita ce inda ake yawan asara. An sassaƙa fuskokin ne a ƙasar kurmi, hunturu kuwa yakan tsaga su daga goshi zuwa haɓa idan danshi ya faɗi farat ɗaya. Ina riƙe danshin akwati tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, nesa da rana da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Ba na shafa mai ko kaɗan, yana janyo ƙura kuma yana shafe shaidar da na zayyana a sama. Buroshi mai laushi ya isa. Ba na rataye ta da tsoffin hujojinta. In na ga garin katako sabo a ƙarƙashinta, ƙwaro na ciki: sai in rufe ta ruf a leda, in sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda, sannan in bar ta ta huce cikin ledar kwana ɗaya kafin in buɗe. Mai farar ƙasa da ke ɓarewa ko haƙoran ƙarfe masu girgiɗi, wannan sai a kai wa ƙwararren mai gyaran kayan tarihi.