Tayil shida da na lalata da hannuna

Kafintan da ya yi mana ƙofofi a sabon gidanmu na Tunfure, nan Gombe, ya shafa musu banish ɗin nan mai ƙarfi, foliyuretan, bai shimfiɗa ko kwali a ƙasa ba. Sai bayan mako guda na lura da ɗige-ɗige masu ruwan zuma a kan farin tayil, tun daga bakin ƙofar falo har lungu.

Na zuba tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, na goga, ko gezau. Ashe tina tana ɗauke shi ne yana ɗanye, in ya riga ya kama kuwa sai dai ta jiƙa samansa. Raina ya ɓaci, na ɗauko samfefa. Banish ya fita kam, amma ya tafi da sheƙin tayil ɗin. Guda shida na murje kafin hasken taga ya nuna mini abin da nake yi.

Wani dattijo mai fenti a unguwarmu ya zo ya duƙa ya shafa wurin, ya ce, "Ɗana, fuskar tayil ai gilashi ce. Wa ya ce ka sa mata samfefa?" Shi ya aike ni kasuwa na sayo maganin cire fenti, mai kauri kamar kunu. Ya sa na shafa da burushi, na rufe da leda, don zafin Afrilu yana busar da shi kafin ya yi aiki. Bayan kamar minti 20 banish ya yi laushi ya tattare, na kwantar da reza na kwashe shi. Ko ƙarzane ɗaya babu. Layin siminti na tsakanin tayil ne ya ba ni wuya, don ya riga ya sha, sai da tsohon burushin haƙori.

Warin maganin mugu ne. Ku buɗe tagogi duka, ku sa safar hannu, ku fitar da yara. Ni da ciwon kai na kwana.

Abin da ke ci mini rai, gwangwani ɗaya ya gama falon a yini guda. Shidan nan kuwa sun dushe ke nan, ƙura tana zama a jikinsu, ko an goge sai su yi duhu. Na zaga shaguna da guntun tayil a hannu, an ce samfurin ya ƙare. Yanzu darduma ce a wurin, amma duk ranar da aka ɗaga ta za a yi shara, can idona yake fara zuwa.