Hoton kakanninmu ne, amma da fam ake sayar mana kowane sakan

Duk mai shirin haɗa dokumentari kan tarihin Arewa, don Allah ka fara tambayar kuɗin tsofaffin hotuna kafin ka zauna editin. Ni har yanzu abin na cina.

Ɗan gajeren fim na yi kan dalar gyada ta Kano. Hira da dattawan da suka yi dako a wajen ta tafi lafiya lau, ba sai na ja zance ba. Matsalar wani guntun tsohon fim ne baƙi da fari da na gani a YouTube, leburori na hawa dala da buhu a ka, ga taragon jirgin ƙasa a gefe yana jira. Wallahi a kansa na ɗora komai, buɗewa da kiɗa da inda muryar mai bayani za ta shigo, sai da aka zo maganar kai fim ɗin gasa aka ce ina takardar izini. Na tura wa masu shi imel can Ingila, suka amsa cikin ladabi da lissafi, kowane sakan da kuɗinsa da fam, na intanet daban na talabijin daban, kuma na wasu shekaru ne kawai. Abin da suka yanka ya fi hayar kyamara da kuɗin mota da sallamar yaran aiki duka a haɗe.

Haushin ne ya sa na shiga bin diddigi. Irin waɗannan hotunan Turawa ne suka ɗauka, wasu na labarai ne, wasu na hukumar fim ta mulkin mallaka da aka kafa a Landan a 1939 ƙarƙashin William Sellers, wanda da jami'in lafiya ne a Najeriya. Su ne masu fina-finan da motar majigi ke yawo da su gari gari. An rufe hukumar a 1955, fina-finan da yawa kuma suna can Ingila.

Da na sake kallon guntun da idon basira sai na lura ko tari babu na leburan nan, Bature ne kaɗai ke magana a kansu. Kayan ɗaukar murya na lokacin nauyi gare su, sai wajen 1960 aka samu ƙananan kyamarori da rikoda irin Nagra da mutum zai rataya ya bi mutane yana ɗaukar hoto da sauti tare. To ni da ke da muryar masu aikin a hannu, me ya kai ni neman bashi kan hoton da aka rufe musu baki?

Na cire shi. Na saka wani tsoho da na kusa yankewa, inda ya miƙe ya cire hula ya ce "ɗana taɓa nan", ya nuna tsakiyar kansa da gashi ya daina fitowa, sannan ya gwada yadda ake karkata wuya a jefa buhu. Wajen ya fi kowane kyau a fim ɗin, amma sake editin ya cinye min lokacin gasar, ta wuce ban shiga ba.

Yanzu kafin in jawo ko sakan ɗaya na wani cikin aikina sai na ga farashi a rubuce, da na wace ƙasa ne, da shekara nawa. Kuma ganin abu a YouTube ba ya nufin wanda ya ɗora shi ne mai shi, wanda na fara yi wa magana ma cewa ya yi in ɗauka kawai ba komai.